Wane keke zan saya don tserena na farko? Amsa ga wani ƙanenmu na Garwa, a arewacin Kamaru

Ga saƙon da ya shigo, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Garwa ne, shekarata 23, tsawona mita 1 da santi 70. Na sa sunana a wani tseren keke na kilomita 100 a kan kwalta da za a yi a watan Janairu, saura wata 3, kuma ban taɓa shiga tsere ba. Na tara sefa dubu 200. Yayana yana da VTT (keken da aka yi don hanyar ƙasa da duwatsu) ya ce in ɗauka kyauta in daina ɓarnar kuɗi. A wani kanti na ga sabon keke mai kan tsere ja jawur dubu 120. Sannan abokina ya kawo min wani na kabon (zaren kabon mara nauyi da ake yin firam da shi maimakon ƙarfe) na hannu, girman firam lamba 58, mai shi ya ce dubu 200 ba ragi, abokin ya ce in na bar shi na yi asarar da ba zan manta ba. Inna kuma tsoron hanya take ji. Kaina ya kulle wallahi, ina tsoron in zo na ƙarshe a yi min dariya a unguwa. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumussalam ƙanena. Na ji daɗin saƙonka sosai, kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa maka ra'ayina kai tsaye: cikin ukun nan da ka lissafo babu wanda zan ce ka kai kuɗinka gare shi. Abin da nake so ka nema shi ne keken tsere na hannu, na alminiyam, lamba 52 ko iyaka 54, mai birkin waya da giyar kamfanin Shimano ta talakawa, wanda ba zai cinye maka fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin ba. Sauran kuɗin yana da aikin da ke jiransa, zan zo kansa.

Mu fara da na kabon ɗin tunda shi ne ya fi cin ranka, na ji haka daga yadda ka rubuta. Lamba 58 an yi ta ne don mutumin da ya kai wajen mita 1 da santi 83 zuwa sama, kai kuma 1.70 kake. Keke kamar takalmi ne, in ya yi maka yawa to ya yi yawa ko da nawa aka saye shi. Za ka iya sauke sirdi ƙasa ƙafarka ta kai feda, wannan gaskiya ne, kuma shi mai sayarwa zai nuna maka hakan ya ce ka gani ai ya yi daidai, amma tsawon firam ɗin daga sirdi zuwa kai ba ya raguwa, haka za ka yi ta miƙa hannu kana neman birki da ƙyar, a zagayen unguwa na minti goma ba za ka ji komai ba, sai ka kai awa biyu a kai sannan wuya da kafaɗa da ƙugu su fara kuka, tafin hannu ya mutu, kuma saura maka rabin hanya. Wannan kaɗai ya isa ka haƙura da shi.

Sai kuma maganar kabon ɗin kansa. Abu ne mai kyau in sabo ne ko ka san tarihinsa, ba shi da nauyi kuma yana shanye girgiza. Matsalar ita ce in ya taɓa faɗuwa ko an danne shi da kaya a cikin kwantena, yana iya tsagewa ta ciki fenti ya rufe, ido bai gani, rannan kawai kana gudu ya karye. Baƙin ƙarfe in ya ji ciwo lanƙwasa yake ya nuna maka, mai walda na bakin kasuwa ma zai taɓa shi. Kabon kuwa ka faɗa min wa zai gyara maka shi a Garwa? Kuma duk kuɗinka zai tafi a kai, ko na hular kwano ba za ka rage ba. Abokinka ba mugunta yake maka ba, sha'awa ce irin ta matasa, ka yi masa godiya ka ce ya taya ka neman lamba 52.

Na kantin kuma, ja jawur ɗin nan, shi ne na fi jin tsoro a kanka saboda sabo ne kuma kuɗinsa ya zauna daidai aljihunka. Ka koma ka ɗaga shi da hannu ɗaya. In ka ji ya kai kilo 14 ko 15 to ka san ƙarfe ne mai arha aka lanƙwasa wa kai aka yi masa fenti, don keken tsere na alminiyam na gaske tsakanin kilo 9 da 11 yake. Ka duba giyar baya ko akwai sunan kamfani a jiki, ka matse birki ka ga ko hannun birkin yana lanƙwasa kamar roba, ka juya wili ka ga ko yana rawa. Irin waɗannan kekunan wata ɗaya na atisaye ya ishe su, giya ta fara tsalle, boris ya fara ƙara, wayoyin wili su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Araha ba ta ado ƙanena. Tsohon keke mai asali da ya yi shekara goma a Turai ya fi shi nesa ba kusa ba.

To VTT ɗin yayanka fa? Kada ka raina shi, kyauta ce ta ɗan'uwa kuma zai yi maka amfani tun gobe. Amma ka fahimci me ya sa yake wahalar da mutum a kwalta. Mutane suna ɗauka nauyi ne kawai, alhali a hanya shimfiɗaɗɗiya irin tamu ta nan kwarin Binuwai nauyi shi ne ƙaramin laifinsa. Babban laifin taya ce mai faɗi mai ƙuraje da aka yi don ƙasa da duwatsu, tana cin ƙarfinka a kowane juyi, kana ma jin gurnaninta a kan kwalta. Na biyu zaman da yake sa ka, ƙirji a buɗe hannuwa a ware, iska tana dukanka gaba ɗaya, kuma da zarar gudu ya wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa yawancin ƙarfin da kake kashewa da iska kake faɗa. Ga shakazoba ta gaba tana lotsawa duk sanda ka taka da ƙarfi. Ka yi lissafi da kanka: mai tafiyar kilomita 25 a awa zai gama 100 cikin awa 4, mai tafiyar 19 ko 20 sai ya kai awa 5 ko ya haura. Awa ɗayan nan da ta ƙaru ita ce ta tsakar rana, kuma ka san ranar Garwa ko a Janairu da ake cewa sanyi ake, da hantsi ya ɗaga sai ta tuna maka inda kake.

Shi ya sa aka lanƙwasa kan keken tsere ya yi ƙasa. Yana ba ka wurin riƙo uku, sama in kana hutawa, kan birki inda za ka fi daɗewa, ƙasa in iskar hunturu ta taso maka ta gaba, kuma in tseren ya nufi arewa ta hanyar Pitowa zuwa Figil to daga gabas maso arewa take busowa a wannan lokacin, kusan a fuska za ka sha ta. Canja riƙo kaɗai yana hutar da hannu da baya a doguwar tafiya. Akwai wani nau'i da ake cewa gravel, kai irin na tsere amma taya mai ɗan kauri, wallahi da za ka same shi a lambarka da kuɗin da ya dace da shi ne ya fi dacewa da hanyoyinmu, sai dai bai cika shigowa gwanjo ba tukuna kuma in ya shigo tsada gare shi.

Yanzu ga yadda za ka duba na hannun in ka samu, kuma don Allah ka tafi da mai gyaran keke da ka yarda da shi ko wani daga cikin 'yan tseren garin, ka ba shi na shayi, ya fi maka. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka tafin ƙafa a ƙasa, ya zama akwai 'yar tazara tsakaninka da sandar sama. Ka hau sirdi ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, nan ne tsayin sirdinka. In kana son lissafi, ka auna daga ƙasa zuwa matsematsinka ba takalmi ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne daga tsakiyar aksil ɗin feda zuwa saman sirdi, misali santi 79 zai ba ka wajen santi 70. Sannan ka kama kan birki, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kafaɗa a sake. Ka kwance sandar sirdin ka tabbatar tana motsi, don wasu tsatsa ta riƙe su gam an daina iya ɗagawa. Ka bi duk inda aka yi walda da yatsa da ido, musamman ƙarƙashin wuyan keke da wajen feda, ko siririn tsagu ka gani ka bar shi. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas ƙwas a wuya to boris ya tafi. Ka kama sarƙa a gaban babban faranti ka ja, in ta ɗago har kana ganin haƙori a ƙarƙashi ta ci, kuma sarƙar da ta ci tana cinye haƙoran baya tare da ita, sai ka sa wannan a cikin ciniki.

Abin da ya fi komai tsada in ya lalace shi ne hannun birkin nan da yake haɗe da giya. Ka hau ka bi giya ɗaya bayan ɗaya sama da ƙasa sau biyu, kowacce ta shiga da ƙarar ta ɗaya. In mai shi ya ce ai mai kawai take so, ka ce ya sa man yanzu ka gani. A jerin Shimano akwai Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 a samansu. Kai Claris ko Sora sun ishe ka har da ragi, kuma suna da wani alheri da ba a cika faɗa ba: sarƙar giya 8 tana da kauri, tana jure ƙura, kuma irinta ce a kan VTT da yawa don haka za ka same ta a kasuwa ba sai an aiko maka daga Duwala ba. Farantan gaba in ka samu masu haƙora 50 da 34, baya kuma babban ya kai haƙora 28 ko 32, ka gode Allah. Tsofaffin kekunan tsere da yawa suna zuwa da 52 da 42 a gaba da ƙananan haƙora a baya, a fili babu laifi, amma ranar da ka ce za ka gwada hawan dutsen da ke bayan Mbe a hanyar Ngaundare, inda ake tashi daga ƙasa-ƙasa a hau tudun Adamawa mai sama da mita 1,000, sauka za ka yi ka tura. Birki kuma na roba mai kama wili da waya ya wadatar, kowane bakanike ya san shi. Na faifai mai aiki da mai yana da kyau amma in ya sha iska ana gobe tsere ka shiga uku.

Taya, nan nake so ka buɗe kunne da kyau don nan ne yawancin sababbi suke zubar da tserensu. Wilin keken tsere ana ce masa 700, faɗinsa milimita 622. Tsohon keken Phoenix na iyayenmu da ake cewa 28, nasa 635 ne, akwai kuma wasu tsofaffin kekunan tsere masu 27 wanda 630 ne. Mai shago zai iya ce maka duk 28 ne, ka kai gida taya ta ƙi zama. Ka karanta lambar da ke jikin tayar da idonka, ka nemi 622, kuma keken da wilinsa 27 ne ka bar shi ko ya yi arha don neman tayarsa zai tsufar da kai. Kauri kuma kada ka yarda da mai milimita 23 ɗin nan siririya da yawancin na gwanjo suke zuwa da ita, ka sa 28 in firam da birki sun bar ta ta wuce, in ba su bari ba 25. Mai kauri ta fi daɗi a jiki, ta fi riƙe hanya in ka faɗa yashin gefen titi, kuma ba ta saurin tsinke tub in ka daki bakin rami. Iska bar 5 zuwa 5 da rabi a ma'aunin famfo ta isa ga 28, ba sai ka cika ta ta zama dutse ba. Sai ƙaya. Duk sanda babbar mota ta matse ka ka sauka gefe, tsidau na nan yana jira, ƙanƙanin abu mai ƙahonni, zai manne a tayar ka yi ta tafiya da shi yana nutsewa a hankali, bayan kilomita biyu ka ji baya yana lilo. In ka sauka gefe ka tsaya ka shafa tayar kafin ka ci gaba. Kuma bakin tub ɗin keken tsere siriri ne mai ɗan noti a kai, famfon masu facin babur ba ya kama shi, don haka famfonka na hannu dole ne, da tub biyu da kayan faci, kuma ka koyi cire taya da mayarwa a tsakar gida har hannunka ya saba.

Ka ga inda sauran kuɗin zai tafi kenan. Hular kwano ta keke ita ce farko, babu tseren kirki da zai bar ka ka tashi ba ita, kuma ita za ka fara nuna wa Inna. Sai tayoyi sababbi biyu, da gora biyu da mariƙinsu a jikin firam, da wando mai soso. Wandon nan na san yana ba samarinmu kunya saboda ɗamewa, to ka ɗora gajeren wando mara nauyi a kai wanda ya rufe gwiwa, ba wanda zai hana ka, amma kada ka yi awa 4 a sirdi ba soso, kuma ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa don ɗinkin ne yake goge fata. Takalmin da yake maƙalewa a feda ka bar shi sai wani tseren.

Kada ka zauna jiran keke. Gobe bayan sallar asuba ka ɗauki VTT ɗin Yaya ka fita, Pitowa ka dawo ya kai wajen kilomita 30, ka yi haka sau uku a sati, ranar hutunka ka tsawaita, kowane sati ka ƙara kaɗan har ka kai 75 ko 80 saura sati biyu tsere, daga nan ka sassauta jiki ya huta. Ka riƙa juya feda da sauri a giya mai sauƙi, wajen juyi 80 zuwa 90 a minti, maimakon danna mai nauyi da ke kashe gwiwa. Ka ba kanka sati huɗu na neman keken, ka gaya wa masu gwanjo da 'yan tsere lambar da kake so, ka sa a tambaya maka Marwa da Ngaundare. Ina so ya zama ka yi aƙalla sati shida a kan keken da za ka yi tseren da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. In sati huɗun sun cika ba a samu ba, to kada ka ruɗe ka koma wa ja jawur, ka sa wa VTT ɗin taya mai santsi 26 x 1.5, ka kulle shakazoba in tana kulluwa, ka cire kariyar ɗaukar kaya da jak, ka riƙe kuɗinka. Za ka gama tseren da shi in sha Allah, sai dai ba za ka zauna cikin ayarin gaba ba. Amma ka fara tambayar masu shirya tseren ko suna karɓar keke mai miƙaƙƙen kai, da ko akwai lokacin da suke rufe hanya, da inda za a ba da ruwa.

Ka nemi 'yan tseren garin ka riƙa fita da su, wannan ya fi kowane ƙarfe da za ka saya. Wanda yake bin bayan wani kusa da kusa yana rage wajen kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe, shi ya sa kake ganinsu a dunƙule a manyan tseren Kamaru irin su Tour du Cameroun ko Grand Prix Chantal Biya, amma zama a bayan wilin mutum da tazarar taku ɗaya abu ne da ake koya, ba a ranar tsere ake fara shi ba, kuma wilinka na gaba kada ya taɓa shiga gefen wilinsa na baya. Ranar kuma za ka ga an tashi da gudu kamar kilomita 10 za a yi, jininka zai ce ka bi, kada ka bi, ka nemi 'yan daidai kai ku yi ayarinku. Ka sha kunun gyaɗa da burodi awa biyu ko uku kafin tashi, a hanya gora ɗaya duk awa ko fiye in rana ta yi, ɗaya ruwa zalla ɗaya kuma haɗin gishiri da sukari, lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da ayaba a aljihu, ka fara ci tun awa ta farko kafin yunwa ta zo, don in ta zo a kan keke ƙafa ce take mutuwa gaba ɗaya.

Maganar zuwa na ƙarshe, na ji ta kuma ban ɗauke ta wasa ba, dariyar unguwa tana da ciwo. Amma wanda ya tashi ya taka kilomita 100 ya shigo da ƙafarsa, ko shi ne na ƙarshe ni a wurina ya yi abin a yaba masa, kuma masu tseren da kansu sun san haka, za ka ga su ne masu tafa maka. Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci matakai uku da koriyar riga ta wanda ya fi maki a babban tseren Faransa, Tour de France, na 2024, a tseren cikin gida na Asmara ya taso. Burinka na bana ka gama lafiya, ka san jikinka, na gaba sai a yi maganar matsayi.

Yaya kuma ka same shi cikin ladabi ka ce ka karɓi kyautarsa za ka fara atisaye da ita, ka nuna masa lissafin kuɗin a rubuce, ka ce ya raka ka ganin keken in an samu, mutum in aka sa shi cikin shawara yakan sauko. Tsoron Inna yana da dalili, hanyar nan manyan motocin Njamena ne da na auduga a wannan kakar, don haka ka yi mata alƙawari uku kuma ka cika: ba ka fita ba hula, ba ka kai magariba a titi, ba ka sa abin jin waƙa a kunne. Ka sa riga mai haske, ka faɗa mata hanyar da za ka bi da lokacin dawowa, ka nemi addu'arta kafin ka fita.

In ka samu wanda ya kwanta maka, kafin ka biya ka turo min hotonsa ta gefen sarƙa, da lambar da ke jikin taya, da awon ƙafarka, in duba maka. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.